Kuɗinmu Na Ɗiga Ta Bakin Famfo

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan famfon gida. Mun san wasu za su ce ai wannan aikin maigida ne. To, amma wa ke wuni da famfon? Mu ne.

Bari mu fara da lissafi, tunda mun saba da adashi. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowane sakan, a kwana guda yakan zubar da kusan jarka mai lita 20. A wata jarka 30 ke nan. Kowaccenmu ta san nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka a unguwarsu, sai ta ninka. Galibi abin da ke jawo ɗigon 'yar roba ce a cikin kan famfon da ta cinye, kuma murɗa famfo da ƙarfi, kamar muna faɗa da shi, shi ke saurin cinye ta. Ɗaure shi da tsumma ba gyara ba ne. A rufe makullin ruwa, a kwance kan da sifana, a tafi da tsohuwar robar kasuwa a samo daidai ita. Wadda ba ta san inda makullin gidanta yake ba ta tambaya yau, kada sai ranar da bututu ya fashe da tsakar dare maigida ba ya gari.

Abin da ya fi damun mu shi ne bututun da ya ratsa kwata kafin ya shigo gida. Idan ya tsage, muddin akwai ruwa, waje yake fesowa. Amma da zarar an ɗauke, bututun ya zama wayam, sai ya zuƙi ruwan kwatar ta wannan tsagar. Ranar da ruwa ya dawo, wannan ƙazantar ce ke fara isowa randarmu, mu kuma muna ta murna an kawo ruwa. Ta nan amai da gudawa da taifot ke samun ƙofa, musamman da damina, kuma yara ne ke fara kwantawa. Wannan ba aikin roba da sifana ba ne. A kira mai gyaran famfo ya canja wurin, ya ɗaga bututun sama da kwatar, ko da maƙwabta za su haɗa kuɗin.

Masu tanki, a tabbata murfin na rufe, a wanke shi duk wata 6. Bututun roba da rana ke duka yakan bushe ya tsage, gara a binne shi ko a shafa masa fenti.

Sai wurin wanke-wanke. Ragowar tuwo da manja ba na magudana ba ne, balle da hunturu da man ke daskarewa ya toshe hanya. A kwashe su a kwano daban, masu kaji ma sun san inda za su kai tuwon.