Makaɗin Da Hannunsa Ya Ƙi Shi

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara na ƙungiya)



Da aka ce in yi magana a kan aiki da ajiye aiki, sai na ga gara in ba ku labarin mutum ɗaya, kowa ya ɗebi abin da ya ɗiba. Sunansa Leon Fleisher, Ba'amurke, sana'arsa kuwa kaɗa fiyano. Ga wanda bai taɓa gani ba, fiyano wani babban akwatin kiɗa ne na Turawa mai maɓallai 88, farare da baƙaƙe. Galibi hannun dama shi ke ɗauke da waƙar, na hagu yana yi masa rakiya.

An haifi Fleisher a birnin San Francisco cikin 1928. Yana ɗan shekara 4 ya fara koyo, yana da 9 babban malamin nan Artur Schnabel ya karɓe shi almajiri. Yana da 16 ya yi kiɗa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta New York. A 1952 ya ci gasar Sarauniya Elisabeth a ƙasar Beljiyam, shi ne kuma Ba'amurke na farko da ya ci ta. Faya-fayen da ya yi da ƙungiyar makaɗan Cleveland, na kiɗan Beethoven da Brahms, har gobe masana suna yabon su.

To, a 1964, yana da shekara 36, sai ƙaramin yatsansa na dama da na kusa da shi suka soma lanƙwashewa zuwa cikin tafi. Ba karaya, ba rauni. In ya zauna kiɗa sai su naɗe, su ƙi miƙewa. Da ya ga haka sai ya ƙara wa kansa awoyin gwaji, yana zaton ƙwazo ne ya yi kaɗan. Ashe ƙara hura wutar yake yi. Likitoci suka yi ta lalube, sai bayan shekaru masu yawa aka gane ciwon. Sunansa distoniya. Ba a yatsa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Idan mutum ya maimaita motsi ɗaya fiye da kima, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa yatsu yakan cuɗe, tsoka ta riƙa ɗaurewa ba da izinin mai ita ba.

Jama'a, ku auna wannan. Mutumin da tun yana yaro bai san wani abu ba sai yatsunsa goma, rana ɗaya biyu sun yi masa tawaye. Aurensa ya mutu. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa har tunanin kashe kansa ya yi.

Abin da ya cece shi abu uku ne. Na farko koyarwa. Tun 1959 yake malami a makarantar kiɗa ta Peabody a Baltimore. Da can in ɗalibi ya kuskure, sai ya ture shi ya nuna masa. Yanzu ba hannun nunawa, tilas ya koyi bayani da baki, wannan kuwa ya mai da shi malamin gaske. Na biyu, ya koyi jagorancin ƙungiyar makaɗa. Na uku, ya koma ga kiɗan da aka tsara domin hannun hagu kaɗai. Akwai irinsa, domin wani makaɗi ɗan Ostiriya, Paul Wittgenstein, ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya biya manyan matsara kiɗa, ciki har da Ravel na Faransa, suka rubuta masa. Kun ga hasarar wani ta zama guzurin wani.

Bai daina neman magani ba. A 1982 ya gwada komawa da hannu biyu, abin bai ɗore ba. Sai wajen 1995, da taimakon tausa da allurar Botox mai sassauta tsokar da ke ɗaurewa, ya sake hawa dandali da hannu biyu. A 2004, shekara 40 cif bayan faruwar abin, ya fitar da faifai mai suna Two Hands, wato hannu biyu. Ba warkewa ya yi ba, lallaɓa ciwon ya riƙa yi. Ya rasu a 2020 yana da shekara 92.

Da yawa a cikinmu mun ajiye aiki, wasu saura ƙiris. Na ga abokai waɗanda ranar da aka karɓe mukullin ofis, ranar suka soma tsufa, don sun ɗauka kujerar ita ce su. Fleisher ya gane kiɗan yana kansa, yatsu 'yan aike ne kawai. Haka ilmin da muka tara bai tafi da mukulli ba. Ga ƙannenmu can a baya, wasu ajujuwansu ba su da isassun malaman lissafi da kimiyya. Ina roƙon ƙungiya, kafin mu watse yau, a zagaya da takarda, duk mai iya ba da awa biyu a mako ya rubuta sunansa. Nawa zan fara sawa.