INJIN JIRGI BA SHI MUTUWA BA TARE DA YA YI GARGAƊI BA

Ƴan'uwa Sarkawa, masu fito da masu jigilar kaya a kogin Isa, tun daga Ayoru har Gaya da ƙetaren Malanbil, barkanku da aiki. Haka nan ku masuntan tafkin Cadi.

Yau zancen injin kwalekwale za mu yi. In mota ta lalace, sai a sauka a zauna gindin itace. In inji ya mutu tsakiyar kogi, da mata da yara da buhunan hatsi cikin jirgi, babu wurin sauka. Amma kafin inji shi mutu, shina faɗi. Shina tari, shina kakkarwa, ƙarfinshi shina raguwa. In kun ji haka, kada ku yi saurin kwance shi. Ku duba abu huɗu bi da bi: mai, wuta, ruwa, farfela.

NA FARKO, MAI

Mafi yawan ciwon inji daga mai ne. A bisa marfin tanki akwai wani ƙaramin noti. Shi ne hancin tanki. In shina rufe, iska ba ta shiga, mai kuma ba shi fita, sai inji shi yi ɗan gudu shi tsaya. Ku kwance shi kaɗan. Sannan ku matsa ƙwallon roba da ke jikin tiyo har shi yi tauri. In bai yi tauri ba, tiyo ya tsage, ko kuma mai ya ƙare.

Isansin da ake saye cikin kwalba, wani sa'i da ruwa ko ƙasa a ciki. Ku zuba kaɗan cikin farar kwalba, ku aje. Ruwa ya fi isansi nauyi, za ku gan shi kwance a ƙasa. Kullum ku tace mai da tsabtataccen ƙyalle. Kuma babu shan taba wurin zuba mai.

Injin da ake haɗa ma mai, irin Yamaha Enduro, ba shi da tukunyar baƙin mai. Man haɗin da kunka zuba cikin isansi shi ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Awon da anka fi sani shi ne 1 cikin 50: bido mai lita 25 na isansi, rabin lita na man haɗi. Sabon inji kuwa, a awa 10 na farko, ana ninka man: lita 25, lita 1. Ku duba littafin injinku, don wani awonshi daban ne. Kada ku auna da ido. In man ya yi yawa, hayaƙi da tari. In ya yi kaɗan, inji shi ƙone.

NA BIYU, WUTA

Ku kashe inji, ku kwance buji, ku dubi bakinshi. In launin ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne mai maiƙo, mai ya yi yawa, ko kuma an bar makullin iska a jaye bayan inji ya yi zafi. In fari ne fat, mai bai isa ba, inji shina zafi, wannan haɗari ne. Ku goge buji, ko ku sa sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon. Lambar tana rubuce a jikinshi.

NA UKU, RUWA

Ruwan kogi ne ke sanyaya inji. Da kun tayar, ku dubi bayanshi: akwai siririn ruwa da ke tsartuwa kamar fitsari. In babu shi, ku kashe nan take. Ku ɗaga ƙafar inji ku duba ramukan shan ruwa. Leda ko kainuwa ko laka kan toshe su. In sun buɗe amma ruwa bai fito ba, ƙaramar robar famfo ce ta cinye, sai a canza ta.

Watan Mayu da Yuni, lokacin da kogi ya janye, rairayi na cin wannan roba ƙwarai. Wurin da babu zurfi, ku ɗaga inji ku kama gora. Kada kuma ku tayar da inji a tudu, ko na minti ɗaya ne. Roba ba ta jure gudu babu ruwa.

NA HUƊU, FARFELA

In inji shina girgiza jirgi, ko shina ƙara amma jirgi ba shi gudu, ku kashe, ku dubi farfela. Wataƙila ta bugi dutse ta lanƙwashe. Wataƙila zaren taru ya naɗe a bayanta. Wannan zare mugu ne: shina yanke robar da ke tsare man giya, ruwa shi shiga. Ku juye man giya bayan kowace awa 100 ta aiki. In ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai a kai ma makaniki tun haƙoran giya ba su lalace ba.

In kun duba huɗun nan duka, inji bai daina tari ba, to saura karbirato, wato tukunyar da ke haɗa mai da iska. Ramukanta ƙanana ne kamar kafar allura. Kada ku tsokale su da waya. Ku bar ma wanda ya koya.

Ku da kunka iya rubutu, ku aje ɗan littafi. Ku rubuta ranar da kunka juye mai da ranar da kunka canza buji. Kai shina mantuwa, takarda ba ta mantawa.

Kada jirgi shi bar gaɓa sai da waɗannan: buji sabo, kile na buji, igiyar tayarwa, filafili, gora, da abin kwalfe ruwa. Kuma kada a yi ma jirgi lodin da ya fi ƙarfinshi don kwaɗayin kuɗin fito.

Wanda ya karanta, shi karanta ma maƙwabcinshi. Allah shi kai kowa gaɓa lafiya. Sai wani jiƙo.