Jawabi a Bikin Yaye Matasan da Suka Koyi Aikin Famfon Hasken Rana a Matamaye





Duk wanda ya biyo hanya daga Damagaram ya ga gawo reras a gonaki. Bayan farin 1973 da yunwar 1984, wadda dattawa ke kira El-Buhari, ƙasar nan ta yi fayau, iska na binne shuka da rairayi. Sai manoma suka daina tumɓuke tsiron itatuwan da ke fitowa a gona, suka riƙa yi masa gyara suna rainonsa. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, da rani ya ciyar da dabbobi. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta farfaɗo da kadada kusan miliyan 5, kuma Magarya da Mirriya da Matamaye suna kan gaba. Da yawa cikin waɗanda suka bar tsiron nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mu ne muke shan inuwar.

Ƴaƴana, abin da ke hannunku ya fi gatarin waɗancan manoma ƙarfi nesa ba kusa ba. Guga kan gajiyar da mai ja, injin mai kan tsaya in fetur ya ƙare, amma famfon rana ba ya gajiya, ba ya neman ko dala. Nan ne nake jin tsoro. Ruwan da ke ƙarƙashin fadamun Korama, wanda ke shayar da rakenmu da lambunanmu, yana da iyaka, kuma jikokin jikokinmu suna da haƙƙi a cikinsa.

Yau a Amurka da Sin ana ta muhawara kan ƙirƙirarriyar basira da inda za ta kai ɗan'adam nan da shekaru ɗari. Tambayarsu ita ce tamu: wa zai ja wa na'ura linzami? A Matamaye, ku ne.

Don haka in kun kafa wa manomi famfo, kada ku karɓi kuɗi ku juya. Ku auna zurfin rijiyar, ku rubuta, ku koma baɗi ku sake aunawa. Ku koya masa lokacin kashewa kamar yadda kuka koya masa kunnawa.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ba mu damina mai kyau.