Wa Ya Raɗa wa Kambisis Sunan Fir'auna?

 Yau tsohuwar Masar za mu leƙa, zancen kuma na suna ne.

A shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa, Kambisis ɗan Sairus, sarkin Farisa, wato Iran ta yanzu, ya ci rundunar Fir'auna Samtik na Uku da yaƙi a Felusiyum, Masar ta faɗa hannunsa. To amma fa a wurin Misirawan wancan zamani, takobi kaɗai ba ya mai da mutum Fir'auna. Sai an yi masa sunayen sarauta.

Cikakken Fir'auna sunaye biyar gare shi: sunan Horus, da sunan alloli mata biyu masu tsaron kudu da arewa, da sunan Horus na zinariya, da sunan hawa gado, sai sunan yanka. Biyun ƙarshen su ne ake rubutawa a cikin wani zobe mai kama da igiyar da aka ɗaure bakinta. Da sunan sarki ake lissafin shekara, a madadinsa kuma ake miƙa hadaya a ɗakunan bauta. Kun ga ke nan in babu suna, al'amura sun tsaya cik.

To wa zai raɗa wa baƙo suna? Nan ne wani Bamisire mai suna Ujahoresnet ya shigo labarin. Ku riƙe wannan: shi ne shugaban jiragen ruwan yaƙi na Fir'aunan da aka kayar. Da Kambisis ya zo, sai ga shi ya zama babban likitan fada. A jikin mutum-mutuminsa, wanda yanzu yake gidan adana kayan tarihi na Vatican, ya bayyana cewa shi ya tsara wa sarkin sunan Mesuti-Ra, ma'ana haihuwar Ra, allan rana a addininsu. Sunan Horus na Kambisis kuwa Sema-tawi, mai haɗa ƙasashe biyu.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Ujahoresnet mutumin birnin Sayis ne, inda ake bauta wa Nit, wadda suka ɗauka ita ce uwar Ra. Baƙi sun tare a harabar ɗakin bautarta. Sai ya kai kuka wurin sarki. Kambisis ya ba da umarni a fitar da su, a tsarkake wurin, a maido da hadayu, har ma ya je da kansa ya yi gaisuwa irin ta Fir'aunoni. Ku duba dabara! In dai ka yarda Ra ne ya haife ka, ai Nit kakarka ce, kuma ba ka barin gidan kakarka ya lalace. A ganina sunan nan ciniki ne: ga halacci, kawo kariya.

Wani zai ce, to ba shi ne Hirodotus, masanin tarihin Girka, ya ce ya soke bijimin Afis mai alfarma ba? Haka ya rubuta. Sai dai a Sakkara an gano akwatin dutse na wani Afis da aka binne a zamanin Kambisis, rubutun jikinsa na nuna sarkin ne ya ba da shi. Amma kuma ba waliyyi ba ne, don ya rage kuɗin shigar ɗakunan bauta da yawa, kuma wanda ya taɓa tuwon malamai ai ba ya tsira daga bakinsu.

Hanyar ta ɗore. Dariyus na Ɗaya ya karɓi sunayen Fir'auna, haka Iskandar na Makedoniya da ya shigo a 332, aka kira shi zaɓaɓɓen Ra, abin ƙaunar Amun.

Tambayata gare ku: Ujahoresnet maci amana ne da ya bi iska, ko kuwa mai wayo ne da ya ga garinsa zai nutse ya ceci abin da zai cetu? Ina jiran ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.