Baƙinmu da Ba Su Cikin Rajista



An nemi mu yi magana a kan agaji ga 'yan gudun hijira. Da aka ba mu wannan batu sai muka ga ba sai mun yi dogon bincike ba, domin duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa ya ratsa Tsafe ya shigo Gusau, ko kuwa ya fita ta hanyar Sakkwato ya bi ta Bunguɗu, ya riga ya ga mutanen da za mu yi zancensu, ko da bai gane su ba. Su ne matan nan da suka yi shimfiɗa cikin kangon da mai shi bai kai ga rufawa ba, su ne kuma yaran da ke tare mu da ƙoƙo a bakin tasha. Ba da daɗewa ba waɗannan mutane suna da rumbuna da shanun huɗa, har ma su ke aiko mana da geron da muke sha.

Amma kafin mu tsaya a kansu, a yi mana haƙuri mu ɗauko labarin wasu mutane na nesa, domin abin da ya same su zai taimake mu mu fahimci namu.

A kudancin ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, akwai wata tsohuwar ƙabila mai suna Mon. Tun jim kaɗan bayan ƙasar ta sami mulkin kai a 1948 suke fama da gwamnatin tsakiya. A 1990 sojan Bama suka ƙwace babban sansanin mayaƙan Mon da ke kan iyaka, sai dubban talakawa suka tsallaka cikin ƙasar Tailan. Wasu kuma suka biyo bayansu saboda aikin tilas na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, irin aikin digar nan da kakanninmu suka sha a zamanin Turawa. Tailan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ta kare 'yan gudun hijira ba, saboda haka zaman alfarma suka yi, ba na haƙƙi ba. Abin da ya riƙe su shi ne sun kafa kwamitin agaji na kansu, wanda ke ƙidaya mutane gida gida, ya miƙa lissafi ga wata haɗakar ƙungiyoyin jinƙai, su kuwa su auno shinkafa gwargwadon yawan kawuna.

A farkon 1994 hukumomin Tailan suka matsa musu suka koma wani wuri da ake kira Halokani, a ɓangaren Bama na iyakar. Cikin watan Yuli na shekarar sojan Bama suka shiga wurin suka ƙone wani sashe, mutum wajen 6,000 suka sake gudowa Tailan. To, a nan ne fa abin lura yake. Ba a kore su da harsashi ba. Tsare hanyar rumbun shinkafarsu kawai aka yi, ana tsakiyar damina, kafin watan Satumba ya ƙare yunwa ta mai da su inda suka gudo. A 1995 shugabanninsu suka tsagaita wuta da gwamnati, a 1996 aka maida sauran, amma akasari ba garuruwansu na asali suka koma ba, sai wasu matsugunai a gefen iyaka, inda suka shekara da shekaru suna jiran buhun da za a tsallako musu da shi.

Mu dawo gida. A dokar duniya an bambanta wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa da wanda ya yi gudu a cikinta, ko da yake abu ɗaya ne ya kore su. 'Yan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta sunayensu, aka kuma janye wasu daga bakin iyaka zuwa ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. Ba mu ce suna cikin daɗi ba, amma dai akwai littafin da ya san da su. Shi kuwa mutumin da ya taso daga wani ƙauyen Tsafe ya kwana a Gusau bai tsallake iyakar kowa ba, watau nauyinsa yana wuyan gwamnatinsa. Ƙasashen Afirka sun amince da haka a yarjejeniyar Kamfala ta 2009, Nijeriya kuma ta rattaba mata hannu ta karɓe ta a 2012.

Wannan masifa kuwa ba jiya ta fara ba. A watan Yuni na 2013 aka kashe mutum 48 a Kizara ta ƙasar Tsafe. A Afrilun 2014 aka yi ta'asar 'Yar Galadima a ƙasar Maru. A watan Satumba na 2021 aka toshe hanyoyin wayar salula a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, don a matse 'yan bindiga, talaka ma ya matsu tare da su. A Afrilun 2023 aka kwashe mutum wajen 80 a Wanzamai, akasarinsu mata da yara, sun fita neman itacen girki. Mu ma ɗalibai ba mu tsira ba, don cikin Satumbar shekarar aka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu aka tafi da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau. Waɗannan su ne waɗanda rediyo ya faɗa. Abin da ya fi tada ƙauyuka ba ya shiga labarai: harajin da ake ɗora wa manomi kafin ya yi shuka, da wani kafin ya yi girbi, har ranar da ya rasa abin sayarwa ya ɗaure tabarma.

Ina agajin yake? Akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, watau NEMA, wadda aka kafa a 1999, akwai takwararta ta jiha, akwai Hukumar Zakka da Waƙafi. Akwai ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, wadda ta shigo a 2010 saboda gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, ta kuma zauna tana jinyar yara masu tamowa. Amma shekaru da dama babban shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya jihohi uku ya dosa, Barno da Yobe da Adamawa, arewa maso yamma ba ta ciki. Dalili ɗaya daga cikin dalilan haka, a ganinmu, shi ne namu ba su taru wuri guda inda ido zai gan su ba. In ka ɗebe wurare kaɗan, kamar ginin sabuwar fadar sarki a Anka inda jama'a suka fake, mafi yawansu sun narke ne cikin gari: wasu a zauren dangi, wasu a ajin firamare, wasu a kango.

Wannan abin yabo ne ga mutanenmu, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar da kalmar hijira take da daraja tun daga Degel zuwa Gudu a 1804. Magidanci mai albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba ya buɗe wa mutum goma ƙofa, bai jira an gode masa ba. Amma fa wannan karamci shi ne ya ɓoye girman matsalar. Tun da ba a ga bukkoki jere ba, sai a ɗauka babu kowa, nauyin kuma ya zauna a kan matalauci yana ɗauke da ɗan'uwansa matalauci.

Mun taɓa halartar wani rabon abinci, ba za mu faɗi inda aka yi ko wanda ya yi ba. An jibge buhunan masara da shinkafa, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Da aka zo rabo babu jerin sunaye, sai aka ce a yi layi. Masu ƙarfi na cikin gari suka cika gaba. Wata tsohuwa da ke riƙe da jikoki marayu ta tsaya tun hantsi har la'asar, ta koma da buhunta a naɗe. Ba mu zargin masu rabon da mugunta. Ba su san ta ba ne, kuma ba wanda ya ba su takardar da za ta sanar da su.

Saboda haka abin da muke roƙo ga wannan taro ƙarami ne, amma aikin masu ilmi ne. Mutanen Mon da ke cikin daji sun iya ƙidaya kansu, ina dalilin da zai hana mu, masu alƙalami, mu ƙidaya baƙinmu? Kowane ɗalibi a nan yana da unguwa, kowace unguwa tana da mai unguwa da liman, su kuwa sun san gidan da aka yi baƙi. In an yi hutu, a zauna da su a rubuta: gida nawa, daga wane gari, mutum nawa, yara nawa ne ba su kai shekara biyar ba, mata masu juna biyu nawa, wa ya bar makaranta a aji nawa. A riƙe littafin da amana, kada ya faɗa hannun ɗan siyasa ko ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, a kuma nemi yardar mutum kafin a rubuta shi. Ku kuma yayyenmu na ofis, ku ne za ku ɗauki lissafin ku sa shi cikin fayil, ku bi shi daga tebur zuwa tebur, domin gwamnati ba ta kasafta kuɗi a kan abin da ba a rubuce yake ba.

Sa'an nan ga jan kunne daga Halokani. Duk lokacin da damina ta gabato za ku ji ana cewa kowa ya koma gona, kuma babu mai son komawa kamar su kansu manoman. Amma a bar mutum ya koma don ya tabbata hanya ta yi lafiya, kada a janye masa abinci ko a kulle ajin da yake kwana don yunwa ta yanke masa shawara. In an ga haka na shirin faruwa a wata unguwa, wanda ke riƙe da littafin shi zai fara sani, shi ya kamata ya fara magana.

Mun shirya samfurin takardar ƙidayar, tana wurin sakataren ƙungiya. 'Yan Gusau da Tsafe da Bunguɗu su tsaya bayan an tashi, mu raba unguwanni.