Abin da Takardar Sakamako Ba Ta Faɗa: Jawabi ga Ɗalibai da Iyaye a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya

 



An nemi in yi tsokaci a kan abin da ke fifita ɗalibi a kan takwarorinsa wajen neman gurbin karatu mai zurfi. Zan fara da wani abu da ya faru a gabana. Wani ɗalibina mai ƙwazo ya kawo mini takardar neman tallafin karatu a ƙasar waje domin in duba masa. Sakamakonsa babu abin kushewa, amma wurin da aka ce ya bayyana ayyukan da ya yi a wajen aji, sai ya bar shi fayau. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ai ni ban taɓa yin komai ba, sai dai taya Baba aikin albasa." Yaron nan kuwa shekara huɗu ke nan shi ke riƙe da littafin lissafin gonar gidansu. Yana zaune bisa dukiya, yana kukan babu.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in faɗi gaskiya ɗaya, don kada a fahimce ni a baibai. A jami'o'in Nijeriya maki ne ke buɗe ƙofa. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, da jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka soma a 2005, abin da ake dubawa shi ne makin da ɗalibi ya samu cikin 400, da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci. Babu aikin sa-kai da zai maye gurbin waɗannan, ko a jami'armu ta kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, ko a ta tarayya da ke Birnin Kebbi, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Saboda haka a riƙe littafi da kyau.

To, ina amfanin maganata? Amfaninta yana wurin da masu maki iri ɗaya suka yi yawa, gurbi kuwa kaɗan ne, wato wajen neman tallafin karatu, da zama gaban masu tantancewa, da neman jami'o'in ƙetare. Takardar bai-ɗaya da ɗaruruwan jami'o'in Amurka ke karɓa tana ba ɗalibi damar jera ayyuka har goma, da rubuta labarin kansa cikin kalmomin da ba su wuce 650 ba. Shirin tallafin Gidauniyar Mastercard, wanda aka fara a 2012, yana neman shaidar hidima ga al'umma. A irin wannan fage, wanda ya rubuta "ɗan ƙungiyar muhawara" ya rubuta abin da dubbai suka rubuta. Wanda ya zo da abin da ba a samu sai a garinsu, shi ake tunawa.

Ga misali na kusa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, tun yana yaro yake zanen motoci. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, daga nan ya sami tallafi ya tafi birnin Ditiroit na Amurka, ya kuma zama wanda ya tsara siffar farko ta motar Chevrolet Volt. Ga na nesa: William Kamkwamba na ƙasar Malawi, da rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida, ya harhaɗa tarkacen keke da ƙarafa ya ƙera injin da iska ke juyawa ya ba gidansu lantarki. Wannan aiki ne ya kai shi jami'ar Dartmouth, inda ya kammala a 2014. Dukansu ba su jira an ba su ɗakin gwaji ba.

Mu me ke gare mu? Ɗan Aliero ya dubi albasa. Kowa a nan ya san asarar da ake yi tsakanin girbi da lokacin da farashi ke tashi. Ɗauki buhu biyu, ka ajiye ɗaya a rudu kamar yadda aka saba, ɗaya a wurin da ka gyara don iska ta fi ratsawa. Kowane mako ka auna nauyinsu, ka ƙirga waɗanda suka ruɓe, ka rubuta. Bayan wata huɗu ka yi binciken kimiyya na gaskiya, mahaifinka kuma ya ƙaru. Mai sha'awar likitanci, idan ya fito daga gidan maɗora, ya zauna kusa da su da izininsu, ya lura da irin karayar da suke ɗorawa da wadda ta fi dacewa da asibiti, ba tare da ya rubuta sunan majinyaci ba.

Ɗan Jega ya dubi kasuwa, wadda ta yi suna tun zamanin Daular Usmaniyya. Ka bi farashin gero da shinkafa da awaki mako-mako har shekara ta zagayo, ka gano abin da damina da Sallah ke yi masa. Wannan shi ne ilimin tattalin arziki. Ɗan Maiyama ya dubi fadama: man fetur nawa injin ban-ruwa ke sha kafin shinkafar rani ta nuna, kuma me ya rage wa manomi?

'Ya'yana mata, ba a bar ku a baya ba. Wadda ta tara ƙannenta goma a zaure tana koya musu karatu, ta riƙe rajistarsu, shugabanci ta yi. Wadda ta naɗi tarihin unguwarsu daga bakin kakanni, ko ta juya tsoffin takardun ajami zuwa boko, ta ceci abin da ƙasa ke shirin rufewa. Haka nan musabaƙar Alƙur'ani, wadda aka fara a matakin ƙasa a 1986, shaida ce ta juriya da kowane mai tantancewa zai girmama.

Sharuɗɗa uku ne. Na farko, ɗorewa: aiki ɗaya na shekara biyu ya fi goma na mako guda. Na biyu, shaida: littafi mai kwanan wata, da hoto, da malamin da zai tsaya maka. Na uku, gaskiya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya biyu ke tona shi.

Ina roƙon iyaye, idan kun ga yaro yana kwance tsohuwar rediyo, kada ku ce wasa yake yi. Ina kuma roƙon wannan ƙungiya ta ware rana ɗaya a taron baɗi don ɗalibai su baje kolin ayyukansu, ta ba su takardar shaida, ta kuma kafa kwamitin da zai taya su cika takardu.

Shi kuwa ɗalibin nan nawa, na mayar da shi gida ya ɗauko littafin lissafin, muka zauna muka cike gurbin da abin da ke ciki.