Rabon Nauyin Tauna a Haƙorin da Aka Kafa wa Turke



Idan ruɓa ta cinye kan haƙori har ta kai ga jijiya, likita yakan kwashe jijiyar ya cike ramin saiwa. Sa'an nan yakan kafa wani siririn turke a cikin saiwar domin ya riƙe cikon da za a ɗora wa hula. Wannan dabara tsohuwa ce, gama likitan Faransa, Pierre Fauchard, ya bayyana ta tun 1728. Tambayar da ke gaban wannan zama ita ce: in an yi tauna, ina nauyin yake sauka?

Da farko dai, turke ba ya ƙara wa haƙori ƙarfi. Aikinsa riƙo ne kawai. Ƙarfin haƙori yana ga naman ƙashinsa, watau dantin, kuma duk abin da aka sassaƙe domin buɗa wa turke hanya hasara ce.

Na biyu shi ne taurin turken. A ma'aunin gigafaskal, taurin dantin wajen 18 ne, na titaniyam wajen 110, na baƙin ƙarfe kuwa wajen 200. Haƙorin gaba na sama a karkace nauyi yake zo masa, saboda haka saiwa takan ɗan tanƙwara. Turke mai tsananin tauri ba ya tanƙwara tare da ita, sai nauyi ya taru a jikin bango da kuma ƙarshen turken. Daga nan saiwa takan tsage a tsaye, wadda galibi ba ta da magani sai cirewa. Turken zare, wanda ya fito a Faransa wajen 1990, ya fi kusa da dantin, don haka yana baza nauyin. Aibinsa shi ne yakan kwance, amma wannan kan gyaru.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne ƙawanya. In hula ta rungumi lafiyayyen dantin mai tsayin milimita 1.5 zuwa 2 a kewaye, kamar zoben da maƙeri ke sa wa bakin sanda, tsagewa takan ragu ƙwarai. Haka kuma kada kaurin turke ya wuce sulusin faɗin saiwa, a kuma bar milimita 4 zuwa 5 na ciko a ƙarshenta.

Saboda haka, ɗalibin da zai riƙe na'urar sassaƙa ya tuna cewa dantin da ya bari shi ne zai ɗauki nauyin tauna shekara da shekaru. Allah Ya sa a amfana.